Kunun da Rukayya Take Jiƙa wa Baba

Da sunan Allah nake farawa. Mahaifinmu ya rasu a ƙarshen bazarar da ta wuce, bayan jinyar mako tara. Malami ne a Kebbe, yana karantar da magidanta littattafai a zaurensa, mutane da yawa sun san shi, don haka ba zan ambaci sunansa ba. Tun ranar da aka kai shi makwancinsa magana take yawo a unguwarmu cewa Rukayya, matar ƙanena Bello, ita ta kashe shi da wani baƙon abinci. Ni ce babbar 'yarsa, Balki. Ina cikin waɗanda suka yi jinyarsa, kuma ina cikin waɗanda suka fara wannan zargi. Zan faɗi abin da na gani yadda ya biyo juna.

Baba ya daɗe da ciwon suga. Ciwon ya rage masa gani, har ya zama ɗalibai ke karanta masa yana gyara musu da ka. Wata safiya Bello, wanda yake zaune da iyalinsa a gidan Baba, ya kira ni a Tambuwal inda nake aure, ya ce bakin Baba ya karkace, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa. Suka kawo shi wani asibiti a nan Tambuwal. Mun zauna a benci tun hantsi har aka kira azahar kafin a zo kanmu, Baba na jingine da kafaɗar Bello. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma ƙarama. Muka yi kwana shida.

Ranar sallama ina can layin karɓar magani lokacin da likita ya yi bayanin abinci. Rukayya ce ta tsaya ta saurara, domin ta yi makarantar kiwon lafiya, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a Kebbe. A mota ta gaya mana cewa haɗiyar Baba ta yi rauni, ba a ba shi abu busasshe, ba a ba shi ruwa da gaggawa, sai abu mai kauri mai santsi. Ban da zuma, ban da dabino, fura kuma a rage. Daga bakinta kaɗai na ji wannan. Daga baya abin ya zame mini hujja a kanta.

A mako na biyu muka koma gida. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, girki yana hannun Rukayya. Goggo Hajo, ƙanwar Baba, ta zo daga Fakku ta tare a gidan. Ni kuma ina kwana uku a Kebbe, kwana fuɗu a ɗakina.

Wanda bai san gidanmu ba sai na yi masa bayanin abu ɗaya. Rukayya suruka ce. Shekara bakwai da aurenta ba ta taɓa taka ɗakin Baba ba, ba ta taɓa ganinsa yana kai loma baki ba. Daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi, labule a tsakani. Ga shi tana fita aiki da sassafe. Sai ta nemi abin karyawa wanda za ta haɗa tun da yamma, ni ko Goggo mu ɗauka mu kai masa. Ta sa aka sayo mata wata ƙwaya daga Sakkwato a cikin leda mai rubutun Turanci, 'yan ƙanana, baƙi-baƙi. Ta ce sunanta ciya.

Na tsaya a kanta na ga yadda take yi. Cokali biyu na ciya a kofi ɗaya na kindirmo marar tsami, da ɗan ruwa. Ta zuba garin kirfa, citta kaɗan, da kanumfari ɗaya da ta daka. Ta juya sosai, ta bar shi, bayan ta idar da la'asar ta sake juyawa don kada ya dunƙule. Kwalba uku take cikawa a lokaci ɗaya, ta rubuta ranar kowace a murfi, ta jera su a ƙaramin firij ɗin da solar Bello ke riƙewa. Kafin safiya ya yi kauri kamar kunun da ya huce. Sai a yanka gwanda ko gwaiba da aka cire wa 'ya'ya, wani lokaci ɗan mangwaro, a murƙushe a kai. Babu sukari. Ta ce yana riƙe ciki, ba ya tayar da suga, kuma yana wucewa a maƙogwaro ba tare da wahala ba. Kunun ciya muke kiransa.

Baba ya karɓe shi. Ranar farko da ya shanye ya ɗaga murya don ta ji daga tsakar gida, ya ce a gaya wa ɗiyar Dogon Daji, yadda yake kiran Rukayya da sunan garinsu, Allah shi yi albarka, amma kunun nata an manta ba a ɗora shi a wuta ba. Muka yi dariya, ita ma na ji ta daga madafi.

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta leƙa kwalbar, ta karkata ta wajen haske.

"Balki, ƙwan kwaɗi ne anka zuba ma yayana, ko idona ne?"

Na ce abincin Turawa ne. Ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin abincin kirki da ake rufewa ya kwana uku, a rubuta masa rana, mutum ɗaya kuma ke ci a gida ba.

A mako na uku 'yan dubiya suka yi yawa. Ɗalibai suna kawo dabino da zuma. Fulanin da suke sauka bayan gari, waɗanda Baba ke raɗa wa 'ya'yansu suna, suka aiko da ƙwarya cike da fura da nono. Rukayya ta sa Bello ya kwashe komai ya raba wa maƙwabta. Har kwalbar zumar da ke ɗakin Baba ta sa aka fitar. Baba ya yi shekaru yana shan cokalin habbatus-sauda da zuma kowace safiya. Habbatus-saudar ta ƙare dab da kwanciyarsa, Rukayya ta ce kada a sayo wata sai haɗiya ta daidaita. Wannan ya ƙona wa Goggo rai fiye da komai. Ta ce yarinyar da za ta hana malami maganin da kowa ya san asalinsa, ta ba shi wanda ba a san uwarsa ba, a duba ta da kyau.

A wannan makon ne kuma cikin Baba ya fara kumburi, yana yawan zagayawa, yana cewa jiri na ɗibarsa in ya tashi. Rukayya ta ce haka ciki yake yi kafin ya saba, ta rage ciyar zuwa cokali ɗaya da rabi. Ta ce suga yana sauka, ta nuna mini lamba a ɗan injin awo. Bello ke huda yatsan Baba, ya fito mata da injin ta duba. Ni ban san ma'anar lambar ba. Goggo ta ja ni gefe ta ce in lura: ita ta ji likita, ita ke haɗawa, ita ke aunawa, ita ke faɗin sakamako. Wa zai ƙaryata ta?

Sai na tuna wata magana. Bara Rukayya ta taɓa gaya mini cikin raha cewa an so a mayar da ita aiki Tambuwal, amma Bello ya ce muddin Baba na raye ba inda za shi. Lokacin ban ɗauke ta komai ba. Yanzu sai maganar ta dawo mini da wata fuska. Allah ya yafe mini, na kai wa Goggo ita.

A mako na fuɗu na fara gwada ta. Na ce ta ɗanɗana kunun a gabana. Ta ɗebi cokali ta sha, ta ce, "Yaya, in kina so in haɗa miki naki, sai dai ki sayo ƙwayar, ta fi ƙarfin albashina." Na yi yaƙe. Goggo ta ce cokali ɗaya ba shaida ba ne, ai ta san kwalbar da ta ɗauko. Washegari na zuba wa kaji ragowar Baba. Suka cinye, suka ci gaba da kiwonsu. Goggo ta ce abin da aka ambaci sunan mutum a kansa, mi zai yi wa kaza. Duk amsar da na samu sai ta haifi wata tambaya. Baba kuwa, in zan faɗi gaskiya, yana samun sauƙi. Kumburin ya lafa, ya fara fita zaure da sanda. Na ga wannan da idona, amma zuciyata ba ta lissafa shi ba.

Ranar Alhamis ta mako na biyar Rukayya na wurin aiki, Baba na zaure. Na yanke shawarar in ɗebi ƙwayar in kai wa wani mai sayar da magungunan gargajiya a kasuwar Tambuwal, wanda na yarda da shi, ya gaya mini mene ne ainihinta. Na shiga madafi na ɗauko ledar na ɓoye a hijabi. Ina neman abin da zan zuba, sai na tuna da kwalbar habbatus-sauda da ke kan kanta a ɗakin Baba, babu komai a ciki. Na shiga na zuba ta kusan rabi, na mayar da ledar wurinta. Na dawo ɗaukar kwalbar ke nan wasu mata 'yan dubiya suka yi sallama. Don kada a gan ni da ita, na mayar da ita kan kanta, daidai inda take zama. Kafin su tafi mijina ya kira ya ce 'yata ƙarama na zazzaɓi. Na yi sauri na kama motar la'asar. Mun yi nisa na tuna da kwalbar. Na ce a raina ai jibi zan dawo.

Abin da ya faru da safiyar Juma'a daga bakin Goggo na ji shi. Tana share ɗaki ta ɗaga kwalbar ta ji nauyi. Ta buɗe ta ga baƙar ƙwaya. Idonta ba shi da ƙarfi, na Baba ya fi nata rauni. Ta zaci wani ɗalibi ne ya cika ta a ɓoye, ta yi hamdala. Tana da zumar da ta ɓoye a jakarta. Ta cika babban cokali ta cakuɗa ta ba shi, ta ƙara na biyu don ya rama kwanakin da aka hana shi, ta bi masa da ruwa. Ba a jima ba ya kama wuya. Ya kasa haɗiye ko yawu, yana tari yana kakarin amai.

A bakin hanya a Tambuwal su Bello suka ɗauke ni, domin an ce su wuce Sakkwato. Baba na kwance a cinyar Bello, numfashinsa na ƙara. Rukayya na gaba da kayan aikinta a jiki. Tana ta tambayar me aka ba shi, Goggo tana rantsuwa cewa ba ta ba shi komai ba sai habbatus-saudarsa da zuma. Rukayya ta ce ai babu habbatus-sauda a gidan. Goggo ta ce akwai, a kwalbarsa, kusan rabi. Na kalli taga har muka isa.

A asibitin Sakkwato an karɓe mu da sauri, wannan kam na gode musu. Suka zura masa wani bututu ta baki suka fito da abin. Likitan, wani matashi mai sanyin murya, ya kawo mana shi a ɗan faranti, curi guda mai yauƙi da baƙaƙen ɗigo. Ya tambaya wa ke ba shi ciya. Rukayya ta ce ita ce, amma jiƙaƙƙiya, wadda ta kwana.

"Wannan ba a kofi ta jiƙa ba," in ji shi. "A maƙogwaronsa ta jiƙa."

Ya ce ƙwayar tana shan ruwa ta kumbura, ta ninka girmanta sau da yawa. A busasshe ko mai lafiya ba a so ya haɗiya, balle mai raunin haɗiya. Ya ce wani abu ya riga ya faɗa huhu.

Goggo ta juya a hankali ta dubi Rukayya. Ta ce to yanzu an gane. An hana shi tasa, an zuba wannan a kwalbarsa, an san wata rana hannu zai kai. Rukayya ta ce wallahi ba ta taɓa shiga ɗakin nan ba, kowa ya sani. Goggo ta ce wanda bai taɓa shiga ana gani ba shi ya fi iya shiga ba a gani. Bello ya sunkuyar da kai. Ni ina tsaye, kafaɗata na taɓa ta Rukayya. Na gaya wa kaina cewa ba lokacin magana ba ne, in Baba ya warke zan faɗa.

Mako na shida da na bakwai zazzaɓi ne da tari. Huhu ya kamu. Ana allura safe da yamma, ana sa masa iska ta hanci. Akwai ranar da tukunyar iskar ta ƙare muka jira wata daga azahar har bayan la'asar, ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Akwai kuma wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, da take juya shi da hannunta tana kiransa Malam, ba ta taɓa ɗaga mana murya ba. Allah ya saka mata. Bello ya sayar da bijiminsa na noma, ɗaliban Baba suka taimaka da abin da suka iya. 'Yan'uwa na ta kawo shawara, wannan ya ce a mayar da shi gida a yi na gargajiya, wancan ya ce a karya sammu tukuna.

Rukayya ta ɗauki hutu ta zauna da mu. Ba ta shiga inda yake kwance. A baranda take, tana wanke kayansa, tana bin sakamakon gwaji, tana dafa mana abinci a gidan wata 'yar'uwarta ta kawo. Goggo ba ta ci. Ni ina ci.

A mako na takwas Baba ya ɗan farfaɗo da rana, ya tambaye ni da ƙyar ina ɗiyar Dogon Daji. Na ce tana waje. Ya ce ta matso. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Ya ce Allah shi yi mata albarka, ta yi ƙoƙari da shi. Ban san ko maganar da ake yi ta kai kunnensa ba. Bayan ta tashi muka rage mu biyu, hannunsa a cikin nawa. Da na so faɗa masa da na faɗa. Na gyara masa matashi kawai. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, a mako na tara. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

A zaman makoki mata suna shigowa su yi mana gaisuwa su tsallake Rukayya. Tuwon da ta tuƙa aka bar shi a kwano har ya sandare. Ina jin ana raɗa maganar Tambuwal, maganar da ni na fitar. Ranar sadakar bakwai mahaifinta ya zo ya ce zai tafi da ita Dogon Daji ta huta, ta tafi da 'ya'yanta biyu. Bello bai sake ta ba, bai kuma hana ba. Da yamma ya same ni ya ce, "Yaya, ke kin zauna da ita. Kina ganin za ta iya?" Na ce Allah ne masani. A duk abin da na yi, wannan amsa ita ta fi hana ni sukuni.

Sai bayan arba'in na gaya wa Bello maganar kwalbar. Ya tashi ya fita, bai yi mini magana ba kwana biyu. Na je Fakku na gaya wa Goggo. Ta ce ƙarya nake, ina so in rufa wa yarinyar asiri ne saboda 'ya'yan Bello. Na rantse mata. Ta ce in rantse da abin da na ga dama. Ban matsa ba. Na fahimci cewa in ta yarda da tawa, ba sauran mugu a labarin, sai ni da na zuba da ita da ta ba shi, kuma Baba ɗan'uwanta ne ciki ɗaya.

Daga nan na wuce Dogon Daji. Mahaifiyar Rukayya ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta ba mu wuri. Na faɗa wa Rukayya komai, har da kaji, har da maganar Tambuwal. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce kwalba kuskure ce, kowa na iya yi, ta yafe.

"Amma Yaya, ranar da likita ya kawo farantin nan, jikinki na taɓa nawa. Shi ne ban san inda zan ajiye shi ba."

Na ce ta faɗi abin da take so in yi.

"A gaban mata anka faɗi nawa. Ki faɗi naki a gabansu."

Dalilin wannan rubutu ke nan. Kuma tunda ƙwayar nan ta fara shigowa garuruwanmu, ina roƙon mai jinya ya kiyaye. Ciya ba a cinta a busasshe, sai ta jiƙa ta kumbura tukuna. Yadda Rukayya take haɗa ta bai cuci Baba ba, a kansa ya fara fita zaure. Kada a zuba wani abu a kwalbar wani, musamman a ɗakin tsoho mai raunin gani. In likita zai yi bayanin abinci, mutum biyu ko uku su tsaya su ji tare. In kuma kana zargin wani, ka tambaye shi a fuskarsa. Da na ce wa Rukayya ta raka ni wurin likitan na ji da kunnena, da ta raka ni.

Har yau Rukayya ba ta koma ɗakinta ba. Bello ya je biko sau biyu, ta ce sai ta ji an karanta wannan rubutu. Gobe Asabar za a taru a makarantar matan unguwarmu a Kebbe, malamar ta ce za ta iya karantawa a madadina, na ce a'a, da bakina zan yi. Goggo ta aiko cewa ƙafarta na ciwo, ba za ta zo ba. Na aika mata da mota duk da haka, na kuma sa an ajiye mata wuri a sahun gaba.